Jirgin da Suka Zaɓa Mata

Shafi na 19

Assalamu alaikum jama'a. Na ga saƙonninku, zagin ma na gani. Wata baiwar Allah ta ce in na ƙara yanke labari a irin inda na yanke shi jiya, jirgi za ta hau ta biyo ni har Mumbai. Taho 'yar'uwa, ina nan Mazgaon a bene na uku, shayinmu ba ya yankewa.

Ga waɗanda suka shigo yau: Tabassum matar Sarfaraz ce, kuku a jirgin ruwan shaƙatawa na kamfanin Sitara, mai yawo tsakanin Dubai da Maskat. Shekara guda rabonta da shi, tana da ƙaramin ciki ya tafi. Iyayensa sun ce za su fitar da gida hutun teku, sai ga labari jirgin Sitara zai zo Mumbai bana. Ita ta ce shi za su hau. Kowa a gidan ya ce a'a, sai na kamfanin Sagar Moti. Jiya mun tsaya inda ta saci jiki ta je ofishin Sitara, ta ci karo da wani dattijo a bakin ƙofa, ya faɗa mata magana ɗaya ta zauna daɓas a kan matakala.

To, ku gyara zama.

*

Bayan la'asar ta shigo gidan.

Ammi, uwar mijinta, na kan doguwar kujera da Alfiya, jaririyar Tabassum, a cinya tana jijjiga ta. Abba, uban mijin, na bakin taga da jaridarsa. Imtiyaz ƙanin mijin ya baza takardun tallan jiragen biyu a kan teburin cin abinci, ya danne su da farantin samosa kada fanka ta kwashe.

"Bhabhi! Matar yaya! Ke muke jira. Ina kika shiga tun safe?"

"Kasuwa."

"Kasuwa babu ko leda?"

"Ban samu abin da na je nema ba."

Ta cire takalmi. Ta wanke hannu. Ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa, mayafinta ma ba ta cire ba.

Ammi ta ce, "Ga shayinki nan ya huce. Yarinyar nan ta yi kuka har ta gaji."

"Sannu Ammi."

Imtiyaz ya tafa hannu. "Yau dai a gama zancen nan. Mai yanka mana tikiti ya ce gobe da safe zai rufe."

"To faɗa min."

"Me?"

"Daga farko. Me ya sa Sagar Moti ya fi Sitara? Ina son in ji da kyau."

Sai ga fara'a a fuskarsa. Ya ɗauka ta sauko ne. Ya jawo takardar mai hoton farin jirgi ya tura gabanta.

"Yauwa Bhabhina. Na farko, lif. Hawa goma sha ɗaya ne jirgin, kin san gwiwar Ammi."

"Sitara ma yana da lif."

"Ƙarami ne."

"Ka taɓa shiga?"

"Na gani a waya."

"Uhm. Sai me?"

"Ɗakin salla. Da kicin na halal daban, ba a haɗa tukunya. Ga ɗaki mai baranda, ki fito da safe ki ga ruwa har ƙarshen ido. Kuma mako guda cur, Kochi, Colombo, a dawo. Sitara fa? Goa. Kwana uku. Goa, Bhabhi! Goa da ake zuwa a motar haya a kwana a hanya!"

Ya yi dariya shi kaɗai.

"Sai me?"

"Abinci. Duk waɗanda suka hau Sitara kuka suke da abincinsa. Wai ba gishiri, ba yaji."

"Yayanka ne ke dafa shi."

Ya daina dariya. Ya ɗauki samosa, ya juya ta, ya mayar.

Ammi ta karɓe. "Ke dai kin cika kafiya. Ƙaramin jirgi girgiza yake, ki je ki yi ta amai da goyo a hannu? Kuma sau nawa zan faɗa miki, ma'aikaci ba ya zama da fasinja. Ki je ki ja masa kora?"

"Ba zama na ce ba, Ammi. Ko ta ƙofar kicin ne. In ɗaga masa 'yarsa daga nesa ya ganta."

Ammi ta sunkuyar da kai tana gyara wa Alfiya safa, safar da babu abin da ya same ta.

"Abba, ku ba ku ce komai ba."

Daga bayan jarida muryarsa ta fito. "Abin da suka ce, beti, 'yata."

Tabassum ta gyaɗa kai a hankali. Ta ɗauki kofin shayin, ta dube shi, ta ajiye ba ta sha ba.

"Imtiyaz."

"Na'am."

"Ka san wani Mista D'Souza?"

"Wa?"

"Dogo, farin gashi, mutumin Goa. Shi ne babban kukun Sitara har watan jiya da ya ajiye aiki."

Jaridar Abba ta sauko kaɗan.

"Ina... ina zan san shi?"

"Shi ya san ni. Da hoton bikinmu da yayanka ya manna a ɗakinsu na jirgi ya gane ni. Har hula ya cire. Ka san me ya ce min?"

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ya ce, Madam, ya jikin mijinki?"



"Na ce wane jiki? Ya ce, tun ranar da muka sauke shi a Dubai a kan gadon marasa lafiya, aka sako shi a jirgin sama zuwa gida, ban fasa yi masa addu'a a coci ba. Har yanzu ana wanke masa ƙodar?"

Ammi ta ce, "Innalillahi."

"Gida, Ammi. Gida ya ce. Wane gidan? Ni dai a nan nake kwana, ban gan shi ba."

"Tsoho ne, ƙila ya rikice. Masu irin sunan nan suna da yawa a..."

Tabassum ta daki teburin har farantin ya yi tsalle.

"Sarfaraz Mukadam! Mai tabo a gira! Wanda ya baro matarsa da ciki a Mazgaon! Su nawa ne?"

Jama'a, tun da aka kawo ta gidan nan bakinta bai taɓa kama sunan mijinta a gaban iyayensa ba. Da, ɗanku take cewa. Da ta haihu ta koma baban Alfiya. Yau ta kira shi gatsau, har maƙwabta sun ji.

Alfiya ta firgita ta fasa kuka.

Imtiyaz ya miƙe. "Bhabhi, don Allah ki..."

"Kada ka ƙara ce min Bhabhi. Yana ina?"

"Ki zauna tukuna."

"Yana INA?"

Ya dubi Ammi. Ammi ta girgiza masa kai. Ya dubi Abba. Abba ya rufe ido.

"Kurla," in ji shi, da ƙyar. "Wani ɗaki muka kama masa kusa da asibitin da ake masa wankin ƙoda."

"Kurla."

Ta yi wata irin dariya da ta sa Ammi ta ƙara rungume yarinyar.

"Kurla! Da jirgin ƙasa ke kai mutum kafin shayinsa ya huce! Ina nan kullum ina duba yanayin iska a Maskat. In an ce teku ta tashi, abinci ba ya shiga bakina. In yi ta nafila Allah Ya tsare jirgin Sitara. Ashe mutumin yana Kurla!"

"Ba haka ba ne..."

"Tun yaushe?"

"Wata tara."

"Shi ya sa bidiyo ba ya yi. Kullum sabis ɗin jirgi ba ƙarfi, sai saƙon murya. To wannan ƙarar da nake ji a bayansa, ɗif ɗif ɗif, yana ce min injin jirgi ne?"

Imtiyaz ya kau da kai.

"Da kai nake!"

"Injin wankin ƙodar ne."

Ta dafe kujera.  Amma ba ta zauna ba.

Ammi ta share ido da gefen mayafi, muryarta ta yi tauri.

"To ki saurare ni ke ma. Ranar da aka kawo shi, kina ina? Kina kwance a asibiti da ciki wata bakwai, jininki ya hau, ƙafafunki kamar turmi. Likita ta ja ni gefe ta ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi kusa da ke. In zo in ce miki me? Tashi ga mijinki can ƙodarsa biyu sun tsaya? In rasa ki, in rasa jikata?"

"Na ji. Wannan na ji. To na haihu! Yarinyar nan har zama take! Wata bakwai kina kallona ina shafa hotonsa a waya!"

"Shi ya hana."

"Shi ya hana?"

"Alƙur'ani ya sa muka dafa, mu ukun nan. Ba ki ga yadda ya koma ba ne. Ya rame, ya yi baƙi, wuyansa kamar na kaza. Kullum sai ya ce bari ya ɗan murmure tukuna. Wai ba zai tsaya gabanki a haka ba."

"Don kyansa na aure shi? An ce muku tallan sabulu na ɗauko?"

"Ki iya bakinki, Tabassum."

"Na iya shi shekara biyar, Ammi. Ga inda ya kai ni."

Ta juya za ta nufi ɗaki, sai ta tsaya cak. Ta waiwayo a hankali. Idonta a kan Alfiya.

"Ya taɓa ganinta?"



"Na ce ya taɓa ganin 'yarsa?"

Ammi ta fara jijjiga yarinyar da sauri.

"Rigakafi," in ji Tabassum, kamar mai magana da kanta. "Duk ranar rigakafi sai ki ce in kwanta in huta, ke za ki kai ta. Ku fita da hantsi, sai la'asar. Layi ya yi tsawo. Kullum layi ya yi tsawo." Ta dubi rigar yarinyar. "Ta dawo tana ƙanshin wani turare. In yi ta shinshina rigarta, ina cewa ina na san ƙanshin nan? Har na ɗauka kewa ce ta fara taɓa min kai. Turarensa ne! Turaren da ni na saya masa!"

"Uba ne, yana da hakkin..."

"Ni fa? Ni mece ce? Saniyar tatsa? In ba ta nono, ku ɗauka ku kai masa, ku dawo min da ita da yamma?"

Taku biyu ta yi ta zare Alfiya daga cinyar Ammi. Ammi ba ta hana ba. Hannayenta suka tsaya a buɗe a inda yarinyar take.

Tabassum ta saɓa ta a kafaɗa tana bubbuga bayanta, idonta ya sauka a kan teburin. Farin jirgi. Shuɗin ruwa. Wata mata da miji suna dariya a baranda.

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Tsaya," ta ce. "Tsaya tukuna. Gidan da ake jinya irin wannan, wa ke tunanin hutu? Wa ya kawo zancen teku?"

Imtiyaz ya soma tattara takardun. Ta danne su da hannu ɗaya.

"Sitara na gane. Kada in hau in neme shi in rasa. To me ya hana ku ce an fasa hutun gaba ɗaya? Me ya sa dole sai Sagar Moti? Dole sai mako guda? Dole sai wannan makon, ba na gaba ba?"

"Lokacin ne ake samun ɗaki mai..."

"Kai ka ce min a tsakiyar teku waya ba ta shiga. Har kana cewa za mu huta da ƙarar waya. Me za a yi a makon da ba a so wayata ta shiga?"



Abba ya ninke jaridarsa gida biyu, ya ɗora a gwiwa.

"Dashe, beti."

Ammi ta ce, "Baban Sarfaraz!"

"Ai ta riga ta isa wurin, Mehrunnisa. Me ya rage?" Ya dubi Tabassum. "Ranar da jirgin zai tashi za a kwantar da shi. Washegari a shiga da shi tiyata. Dashen ƙoda."

"Ƙodar wa?"

Abba ya juya kansa kawai wajen teburin.

Ta bi idonsa.

Imtiyaz na tsaye, takardun jirgi a hannu, yana kallon ƙasa kamar wanda aka kama da sata.

"Kai?"

"An gwada, ta dace."

"Shi ya sa ka daina shan taba. Shi ya sa kake fita gudu da asuba. Ni ina ta tsokanarka wai budurwa ka samu."

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ko'ina ba. "Da budurwar ce ai da sauƙi."

"Kada ka yi min wasa!"

"Yi haƙuri."

"To ya za a yi ka hau jirgi kana kan gadon tiyata?"

"Ana gobe tafiya zan ce an kira ni wurin aiki. Abba kuma ya ce sukarinsa ya hau. Sai ku tafi ke da Ammi da Alfiya."

"Tsaf. Kun tsara komai tsaf. Har da wanda sukarinsa zai hau." Ta juya kan Ammi. "Ku kuma ku ne mai gadina."

Nan fa Ammi ta miƙe. Matar da sai an kama ta take tashi, yau babu wanda ya kama ta.

"Mai gadinki? Mai gadinki kika ce? Ke kin san abin da na yarda da shi kuwa? 'Ya'ya biyu Allah Ya ba ni a duniya! Biyu! Rana ɗaya za a kwantar da su a yanka, wannan a ciro, wancan a saka. Ni uwarsu kuma in kasance ina? A tsakiyar ruwa! In zauna gabanki in ci abinci, in yi miki dariya, in ce Tabassum dubi kifi! Kina tsammani daɗi ne? Tun da aka sa ranar nan barci bai ga idona ba. Saboda wa? Saboda ya ce, Ammi, in kina sona ki ɗauke min ita daga garin nan, ba zan iya shiga ɗakin nan ina jin kukanta a bakin ƙofa ba!"

Tana gama faɗa ta dafe bango tana haki.

Ku ce Tabassum za ta yi sanyi? Hawaye na zuba a fuskarta, amma muryarta ko girgiza ba ta yi ba.

"In ya mutu fa?"

"Ki bar wannan bakin!"

"A'a, ku amsa min. Tiyata ce, ba aski ba. In ya mutu fa? Ina can ina cin kifi a Colombo, ina ɗaukar hoto ina ajiye masa. In sauko a tashar jirgi da tsarabarsa a hannu, ku tare ni ku ce me? Sannu da zuwa, takabarki ta fara tun ranar Talata?"

Ammi ta toshe kunne. "Ya Allah. Ya Allah."

"Da an binne shi ban gan shi ba. Mijina. Ban riƙe hannunsa ba, ban yafe masa ba, bai yafe min ba. Wannan kuka zaɓa min. Kuka zauna kuna gwada min lif da baranda!"

Ta fizge takardar Sagar Moti daga hannun Imtiyaz, ta kama da haƙori saboda ɗaya hannun na riƙe da yarinya, ta keta ta biyu. Ta ɗauki ta Sitara ita ma ta cukuikuye ta jefa masa a ƙirji.

"Ga jiragenku nan. Kira mai tikitin ka ce masa matar ta nutse tun a falo."

Ta shiga ɗaki. Aka ji ana jan durowa da ƙarfi. Ta fito da jakar kayan Alfiya a kafaɗa.

"Lambar gidan."

Imtiyaz ya sha gabanta. "Don girman Allah ki saurare ni. Likita ya ce kada ransa ya ɓaci kafin aikin. In jininsa ya hau za su ɗaga ranar, kuma ba shi da ƙarfin jira. In kika faɗo masa a haka..."

"Da jinina ne zai hau. Yanzu nasa ne. Duk ƙaryar gidan nan hawan jini ake ɗora wa! Matsa min."

"Ba zan matsa ba."

"Imtiyaz, ƙodar da za ka ba shi, har in mutu ina gode maka. Na rantse da Allah. Amma yau in ba ka ba ni hanya ba, sai na tara maka mutanen benen nan kaf. In kuma kun hana ni lambar, ƙofa ƙofa zan bi Kurla da goyon nan ina kiran sunansa."

Ammi ta ce, "Mun dafa Alƙur'ani, yarinya. Ki ji tsoron Allah."

"Ku kuka dafa. Ni ban dafa ba."

Sai aka ji ƙarar kujera.

Abba ya miƙe. Ya ɗauki hularsa a kan taga ya kafa. Ya laluba takalminsa da ƙafa, ba gaggawa.

"Ina kuma za ka?" in ji Ammi.

"Ni na fara ɗora hannu a kan littafin, ni zan fara yin kaffara."

"Zai ce mun ci amanarsa!"

"Ya ce. Wata tara ina zaune a bakin tagar nan ina ɓuya a bayan jarida kamar ɓarawo a gidana. Yarinyar nan ta kawo min shayi in kasa kallon idonta. Na gaji, Mehrunnisa." Ya dubi ɗansa. "Matsa mata."

Imtiyaz ya matsa.

"Mu je, beti."

*

Tasi ta ɗauke su har suka wuce unguwar Sewri. Alfiya ta yi barci a ƙirjin Tabassum. Direban ya so ya kunna waƙa, ya dubi fuskarta a madubi, ya fasa.

"Abba."

"Na'am."

"Wa ke kula da shi? Mai wankin ƙoda ba ya zama shi kaɗai. Ammi kullum tana gida. Imtiyaz na wurin aiki. Wa ke dafa masa? Wa ke wanke masa kaya?"

Abba ya juya yana kallon titi.

"Akwai mai kula da shi."

"Mace?"

"Dattijuwa ce."

"Wata can daban ta san ba a sa masa gishiri, ni matarsa ban sani ba." Ta share fuska da bayan hannu. "In na gan shi, ba zan koma Mazgaon ba. Ku yi haƙuri Abba, ba don ku ba. Jirgin ƙasan Ratnagiri zan bi in tafi wurin Momi. Ita kaɗai ta rage min da ba ta yi min ƙarya ba."

Ta ciro waya. Mahaifiyarta ta koma ƙauye tun bayan suna, wai ƙanwarta ce ba lafiya. Ta danna lambar. Ta yi ta ringi har ta katse.

Ta sake dannawa.

Abba ya ɗora hannu a kan wayar. "Bari sai mun isa, beti."

"Sai ta ji abin da aka yi wa 'yarta."

"Na ce ki bari."

Ta janye hannunta.

Ana kiran magariba suka sauka a bakin wani tsohon bene, bayan kantin magani. Matakalar duhu, warin soyayyar albasa da na maganin goge ƙasa. Abba na gaba yana hawa yana hutawa. A hawa na biyu ya tsaya gaban wata koriyar ƙofa. Bai ƙwanƙwasa ba. Ya ja gefe ya jingina da bango.

Tabassum ta ɗaga hannu.

Hannun ya ƙi.

Daga ciki ta ji tari. Tarin namiji, mai rauni, amma ko a cikin dubu za ta gane shi.  Ta ja da baya taku ɗaya. Uwarta kawai take so ta ji, ko kalma ɗaya, kafin ta shiga. Ta danna lambar a karo na uku ta kai kunne.

Waya ta fara ringi.

Ba a kunnenta kaɗai ba.

A bayan koriyar ƙofar.

Ta dubi wayarta. Ta dubi ƙofar. Ta dubi Abba, Abba ya sunkuyar da kai.

Aka ji takun silifa. Aka zare sakata.

Ƙofar ta buɗe, ga mace tsaye da kwanon miya a hannu ɗaya, waya na kuka a ɗayan.

"Momi?"

Kwanon ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa.

Daga can cikin ɗakin muryar Sarfaraz ta fito, a shaƙe.

"Momi, lafiya? Waye a ƙofar?"